Tambaya da Amsa: Yaya Ake Auna Gwanintar Mai Bugu a Besbol?

Tambaya: Malam, cikin 'yan wasan besbol na Amurka, Tony Gwynn ya yi ritaya da matsakaicin bugu na .338 (wato bugu mai kyau 338 a kowane yunƙuri 1,000), Barry Bonds kuwa .298, amma masana sun fifita Bonds nesa ba kusa ba. Mene ne dalili?

Amsa: Matsakaicin bugu yana ƙirga sau nawa ɗan wasa ya yi bugu mai kyau ne kawai, bai bambanta bugun da ya kai shi tasha ta farko da wanda ya fitar da ƙwallo bayan katanga ba, kuma ba ya lissafa lokutan da mai jifa ya ba shi hanya kyauta, wato ya bar shi ya wuce tasha ta farko ba tare da ya buga ƙwallo ba. Bonds ya fitar da ƙwallo sau 762, an kuma ba shi hanya kyauta sau 2,558, domin masu jifa tsoronsa suke ji.

Shi ya sa ake amfani da ma'aunin OPS+, wanda ke haɗa yawan kaiwa tasha da ƙarfin bugu, sannan ya daidaita su da zamanin ɗan wasa da filin da yake wasa. Wannan daidaitawar tana da muhimmanci ƙwarai, domin a filin Coors da ke birnin Denba na Amurka, inda iska ba ta da kauri saboda wurin yana kan tudu sosai, ƙwallo takan yi nisa fiye da sauran filayen babbar gasar Amurka. A wannan ma'auni 100 shi ne matsakaici. Gwynn yana da 132, Bonds 182, Babe Ruth, shahararren mai bugu na zamanin da, kuwa 206.

Sai dai OPS+ bai auna tsaron fili ko gudu ba, kuma bai shiga zargin shan magungunan ƙara kuzari da ya biyo Bonds ba.