Me ya sa kyanwata ke yin laƙwas idan na ɗauke ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Kyanwa biyu gare mu a gida. Ɗaya da zarar na ɗauke ta sai ta yi laƙwas kamar tsumma, har ƙafafunta na lilo. Ɗayar kuwa ko minti guda ba ta yarda, sai yakushi. Anya ta farkon lafiyarta lau? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. In dai tana ci, tana wasa, tana haurawa katanga kamar kullum, to lafiyarta lau, ta dai yarda da ke ne.

Asalin abin daga ƙuruciya yake. Kin taɓa ganin uwar kyanwa tana sauya wa 'ya'yanta maɓoya? Da baki take kama fatar ƙeyar ɗan, shi kuma nan take ya naɗe ƙafafu, ya cusa wutsiya, ya yi tsit har a dire shi. Haka aka halicce su, don ɗan da ke mutsu-mutsu a bakin uwa zai iya faɗuwa ko ya tona musu asiri. Yawancinsu suna rage wannan ɗabi'a in sun girma, wasu kuma sauranta na nan a jikinsu.

Amma abin da ya fi raba kyanwoyinki biyu shi ne hannun da suka samu suna ƙanana. Tsakanin sati 2 da sati 7 da haihuwa ne kyanwa ke koyon ko mutum abin gudu ne ko abin jingina. Wadda aka haifa a ɗaki, yara na ɗaukarta kullum cikin lallami, ba za ta zama ɗaya da wadda aka haifa a bayan buhuna a sito ba, wadda ba ta ga mutum kusa ba sai da ta yi wayo. Ita ta biyun za ta iya sabawa, ta zo tana goga jiki a ƙafarki, amma ki raba ta da ƙasa sai rikici, domin a wurinta ƙafa huɗu a ƙasa su ne hanyar tsira.

Akwai kuma gado. A 1995 wata mai bincike a Ingila, Sandra McCune, ta nuna cewa 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi sakin jiki da mutane, alhali ko ganin uban ba su taɓa yi ba. Shi ya sa aka iya fitar da jinsi guda a kan wannan hali: Ragdoll, wato 'yar tsanar tsumma, wadda Ann Baker ta fara kiwo a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1960 daga wata farar kyanwa mai suna Josephine. An yi ta yaɗa cewa wai mota ce ta buge uwar shi ya sa zuriyarta ba sa jin zafi. Tatsuniya ce, rauni ba a gadonsa, kuma suna jin zafi kamar kowace mage.

Inda nake so ki sa ido shi ne, ba kowane shiru ne jin daɗi ba. Mai jin daɗi idonta a lumshe, kunnuwa a tsaye, jiki taushi. Wadda tsoro ya daskarar kuwa baƙin idonta ya buɗe wage, kunnuwa sun kwanta baya, numfashi sama-sama, ki taɓa cinyarta ki ji ta tauri. Ko ƙurr-ƙurr ɗin maƙogwaron nan kada ya ruɗe ki, mara lafiya ma tana yin sa.

In kuma mai yakushin ce ta wayi gari ta yi laƙwas, ta ƙi abinci, dasashinta ya yi fari, ko tana dalalar da yawu, ki tuna ko an sa maganin ɓera ko na kyankyaso a gidan, ki garzaya wurin likitan dabbobi. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, kashe kyanwa yake yi.

Wajen ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙafafun baya, ki manna ta a jikinki. A hana yara ɗaga babbar kyanwa ta ƙeya, nauyinta ya wuce nan. Ita mai yakushin, ki zauna a tabarma da ɗan busasshen kifi, ki bari ta hau cinyarki da kanta, in ta nemi sauka ki sake ta.