Kun Tambaya, Mun Amsa: Lambobin da ke cikin tsoffin littattafan kwamfuta

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram. A cikin kayan wani kawuna da ya yi karatu a Faransa na tarar da littafin Rodnay Zaks a kan farosesar Z80, tare da wasu tsoffin mujallu waɗanda shafukansu ke cike da jerin lambobi, kowane layi yana farawa da kalmar DATA. Me waɗannan lambobi suke nufi, kuma ko akwai amfanin da zan samu idan na karanta irin waɗannan rubuce-rubuce, tunda ni Python nake koyo? Daga wani ɗalibi, unguwar Birni.

Amsa: Ɗana, muna amsa gaisuwarka. Lambobin da ka gani su ne harshen inji, wato umarnin da farosesa, ɓangaren kwamfuta da ke aiwatar da umarni, take ganewa kai tsaye ba tare da kowa ya fassara mata ba. Kwamfutocin gida na farko, irin su Apple II ta 1977, da ZX Spectrum da Commodore 64 waɗanda suka fito a 1982, da Thomson MO5 da aka rarraba a lakwal-lakwal na Faransa a shirin gwamnati na 1985, duk suna zuwa da harshen BASIC a cikinsu, da an kunna sai a fara rubutu. Sai dai BASIC tafinta ne: kowane layi sai ya karanta shi, ya warware ma'anarsa, sannan ya isar wa farosesa, kuma idan layin ya maimaitu sau dubu to sau dubu zai sake fassara shi. Farosesar Commodore 64 kuwa bugu kusan miliyan ɗaya kawai take yi a daƙiƙa, ta Spectrum miliyan 3.5, saboda haka duk mai son hoto ya yi motsi da sauri a fuskar talabijin dole ya ajiye tafintan gefe ya yi magana da injin da kansa.

Ga misali ƙarami da za ka iya bi da fensir. A Commodore 64, launin gefen allo yana ajiye ne a adireshi, wato gurbi a ma'adanar kwamfuta, mai lamba 53280, kuma lamba 2 ita ce ja. Lambobi shida sun isa su mayar da gefen ja: 169, 2, 141, 32, 208, 96. Lamba 169 tana cewa farosesa ta ɗauki lambar da ke biye, wato 2, ta riƙe ta a ƙaramar ma'ajiyarta da ake kira A. Lamba 141 tana cewa ta zuba abin da ta riƙe a adireshin da lambobi biyu na gaba suka nuna, kuma a nan ne sabon shiga yakan ruɗe, domin ƙaramin ɓangaren adireshin ne yake zuwa da farko: idan ka ninka 208 sau 256 ka ƙara 32 za ka samu 53280 daidai. Lamba 96 kuma tana cewa aiki ya ƙare, a koma inda aka fito. Dukkan wannan bugu 12 ne, abin da bai kai ƙiftawar ido ba ko kusa.

Da yake riƙe irin waɗannan lambobi a ka yana da wuya, masu rubutu sukan yi amfani da gajerun sunaye, LDA a maimakon 169, STA a maimakon 141, RTS a maimakon 96, sannan wata manhaja ta mayar da sunayen lambobi. Wanda ba shi da wannan manhaja sai ya yi aikin da hannu, yana duba jadawalin da ke bayan littafi yana rubutawa a takarda. Haka Steve Wozniak ya rubuta BASIC na farko na kwamfutocin Apple. Mujallu kuma, irin su Hebdogiciel ta Faransa, sukan buga manhaja sukutum domin mai karatu ya kwafe ta da madannai, ya adana a kaset. Layukan DATA da ka gani hanya ce ta shigar da harshen inji ta ƙofar BASIC: umarnin POKE yana zuba kowace lamba a adireshinta, umarnin SYS kuma, a Commodore, yana tura farosesa ta fara aiki daga can. Idan lamba ɗaya ta kuskure, injin ba ya faɗa maka inda laifin yake, sai dai ya sandare, ka kashe ka kunna, abin da ba ka adana ba kuma ya tafi. Shi ya sa za ka ga wasu jerin suna da jimilla a ƙarshe. Jimillar namu shida 648 ce, idan taka ta bambanta to akwai inda yatsa ya zame.

Game da amfani, zan faɗa maka gaskiya: ba wanda zai ɗauke ka aiki a Damagaram ko a Yamai don ka iya Z80, kuma kada ka ajiye Python saboda shi. Abin da waɗannan littattafai suke da shi, wanda na yau suka rasa, shi ne sun bayyana injin da mutum ɗaya zai iya sani tun daga farko har ƙarshe. Farosesar 6502, dangin wadda ke cikin Commodore 64, wadda ta fito a 1975 a kan dalar Amurka 25, umarni 56 kawai gare ta, da ma'ajiyai uku na aiki, A da X da Y, kuma iyakar adireshin da take iya kaiwa 65,536 ne. Ita da Z80 duk ba su da umarnin ninkawa. Mai son ninka lamba sau goma sai ya ninka ta biyu ta hanyar gusar da ita mataki ɗaya zuwa hagu a tsarin lambobin 0 da 1 da injin yake aiki da shi, ya ajiye, ya ƙara gusarwa sau biyu ta zama ninki takwas, sannan ya haɗa ninki takwas da ninki biyu. Wanda ya taɓa yin wannan da hannunsa ba zai ƙara ɗaukar alamar ninkawa a Python a matsayin abu na banza ba, kuma idan ya zo koyon harshen C ba zai sha wahalar da abokansa suke sha a kan adireshi da ma'adana ba.

Akwai kuma darasin tsimi. ZX81 ta 1981 ma'adanarta kilobayit ɗaya ce tak, don haka marubutan wancan zamani sukan ɓata shafi guda suna nuna yadda za a rage bayit biyu ko uku, kuma a ganina waɗannan shafuka ne mafi daɗin karantawa. Wannan tsimi bai tsufa ba, domin allon Arduino Uno R3 da ɗalibai suke amfani da shi wajen sarrafa famfo ko auna zafi kilobayit 2 ne kawai ma'adanar aikinsa. Littafin Zaks yana da nauyi ga mai farawa, ya fi kama da littafin dubawa. Rubuce-rubucen Jim Butterfield, ɗan Kanada da ya yi suna wajen koyar da harshen injin Commodore, sun fi sauƙin shiga idan Ingilishinka ya kai.

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne. Shin wayoyin da muke buɗewa kullum irin wannan harshe suke ji, kuma zan iya gwada shi ba tare da na mallaki tsohuwar kwamfuta ba? Daga wani mai gyara, Kasuwar Dole.

Amsa: Malam mai gyara, Allah ya yi wa sana'a albarka. Wayoyin ma lambobi suke ji, amma ba waɗannan ba, domin kowane gidan farosesa da nasa jadawalin. Kusan duk wayoyin hannu ARM ce a cikinsu, wadda Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara a kamfanin Acorn na Ingila, ta fara aiki a 1985, bayan sun daɗe suna aiki da 6502 a kwamfutar BBC Micro. Ko tsakanin tsoffin injinan ma lambobin ba sa haɗuwa: abin da zai mayar da gefen allon Spectrum, mai farosesar Z80, ja shi ne 62, 2, 211, 254, 201, kuma idan ka ba Commodore waɗannan ba za ta yi abin da kake nufi ba.

Gwaji kuwa ba ya buƙatar tsohon inji. Akwai manhajoji na kyauta da suke kwaikwayon waɗannan kwamfutoci a kan ta zamani, VICE domin Commodore 64, Fuse domin Spectrum, kuma da ka sauke su sau ɗaya ba sa ƙara neman intanet. A cikin VICE ka zuba lambobi shida na amsar farko da POKE ɗaya bayan ɗaya, daga adireshi 49152 zuwa 49157, sannan ka rubuta SYS 49152. Idan gefen ya yi ja, ka sauya lamba ta biyu daga 2 zuwa 1 ka sake kira, zai koma fari.