Tambaya da Amsa: Bayan An Ajiye Aiki

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne kan zaman ritaya. Mun zaɓi huɗu, muka miƙa su ga masu taimaka wa wannan fili, wato ma'aikacin harkar fansho da likitan dabbobi da likitan asibiti.

Assalamu alaikum. Shekarata huɗu da ajiye alli bayan shekara 35 ina koyarwa, kuma wallahi ban zaci zaman zai yi mini daɗi haka ba. Da asuba ina biya wa yaran unguwa karatu, da hantsi ina lambuna, da la'asar ina majalisa. Fansho na shigowa, ƙafata na kai ni masallaci sau biyar. Na rubuto ne in gode wa Allah a bainar jama'a, in kuma tambaya wa ƙanena, ma'aikacin gwamnatin tarayya, wanda saura masa shekara ɗaya da rabi. Ta ina zai fara shiri? (Tsohon malamin makaranta, Gusau)

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Faɗin ni'ima ai umarni ne, da shi aka rufe Suratul Duha. Mun kuma lura cewa a cikin abin da ka lissafa, fansho ne na huɗu. Sai dai idan shi ɗin ya tsaya, sauran ma sukan girgiza, don haka ƙanenka ya fara da takardu.

Galibi ma'aikacin gwamnatin tarayya yana barin aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta ce a riƙa cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa na ajiyar ritaya, wato RSA, da ke hannun kamfanin fansho. Abu na farko, ya je ofishin kamfanin nasa ya karɓi cikakken bayanin asusun tun daga farko, ya bi shi wata-wata da biro. Watannin da aka cire masa kuɗi a takardar albashi amma ba su shiga asusun ba, yanzu ne lokacin bin su, tun yana shiga ofis ana ce masa ranka ya daɗe. Ranar da ya miƙa makulli, fayil ɗinsa zai koma ƙasan tari.

Na biyu, kuma nan ne mafi yawan mutane ke maƙalewa: suna da ranar haihuwa. A fayil ɗin ma'aikata an rubuta Muhammadu, a NIN Mohammed, a banki Muh'd. A nan an haife shi 1966, a can 1968. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ba ne. Ya jera takardar kama aiki da NIN da BVN da rajistar kamfanin fansho a kan tabarma ɗaya ya gwada su harafi da harafi. Inda suka saɓa ya gyara, ya kuma sabunta bayanansa a kamfanin. Gyaran ranar haihuwa ya fi na suna wahala da cin lokaci, da shi zai fara.

Na uku, idan ya kama aiki kafin ƙarshen watan Yunin 2004, yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati ce ke biyansa cikin asusun. Ba a lissafa wannan sai mutum ya shiga tantancewar da PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ke yi wa masu shirin ritaya. Kada ta wuce shi. Kimanin wata shida kafin ranar, ya sanar da kamfanin fanshonsa, ya tanadi takardar amincewa da ritaya, da takardun albashi na wata uku na ƙarshe, da shaidar haihuwa, da hotuna, da shaidar asusun banki. Kowace takarda ya yi mata kwafi uku.

Sai abin da ba a rubuta a doka ba: tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai rata, wani lokaci ta watanni. Daga yau ya fara ajiye abin cefanen wata shida a gefe, ya biya basussukan da ake cira daga albashi, kada ya ci sabo. Masu aikin jiha kuwa su tambayi hukumar fanshon jiharsu, domin Kano da Jigawa, misali, kowace da nata tsarin.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ajiye aiki bana. An ce in zaɓi tsakanin karɓar fansho daga kamfanin fansho ko daga kamfanin inshora. Sannan ɗana ya kawo mini wata harka a waya mai ba da ribar kashi 20 duk wata, ya ce in zuba kuɗin dunƙulen da za a ba ni. (Hajiya, Kaduna)

Hajiya, bari mu fara da ta biyun, don ita ce mai ƙona gida. Kashi 20 a wata yana nufin kuɗi ya ninka kansa cikin wata huɗu. Babu shinkafa, babu siminti, babu gwal da ke haifar da haka. Kuɗin sababbin shiga ake raba wa tsofaffi, ranar da masu shiga suka ragu a rufe shafin. Haka MMM ta yi a Disambar 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025. Ɗanki ba mugunta yake nufi ba, wataƙila ma an biya shi sau ɗaya ko biyu, wannan shi ne ƙugiyar. Ki ce masa ya nuna miki sunan kamfanin a rajistar SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, a matsayin mai izinin karɓar jarin jama'a. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai ba izini ba ce, shaidar suna ce kawai.

Game da zaɓin, ga bambancin. A tsarin cira sannu-sannu, kuɗinki na nan a asusunki, kamfanin fansho na juya shi yana biyanki wata-wata ko duk wata uku. Idan an samu riba akan ƙara fanshon, idan rai ya yi halinsa abin da ya rage na magada ne. Haɗarinsa, mai tsawon rai na iya cinye asusun. A tsarin anuwiti kuwa, ana miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyanki har ƙarshen rai, ko shekara ɗari kika yi. Akwai lamunin shekara goma: wanda ya rasu kafin su cika, a biya magada ragowar, wanda ya wuce su, babu abin da ya bari a nan. Kuma ƙofar mai hanya ɗaya ce. Daga cira sannu-sannu ana iya komawa anuwiti, daga anuwiti ba a dawowa. Saboda haka wanda bai yanke shawara ba ya fi aminci ya fara da na farkon. Ki nemi lissafin duka biyun a rubuce, ki je gida da su, kada ki sa hannu a ranar. Idan zancen ruwa ne ke damunki, tun 2021 akwai Asusu na Shida wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, ki tambaye su shi.

Kuɗin dunƙule kuma, duk abin da kika ƙara ɗauka yanzu daga fanshon wata-wata aka yanko shi. Shawararmu a kasa shi uku: gyaran muhalli da biyan bashi, ajiyar asibiti da ba a taɓawa, sai ɗan jarin da ko ya nutse ba zai hana ki barci ba. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017, wuri ne da ya dace da kashi na biyun idan ba za ki buƙace shi nan kusa ba. Abu ɗaya na ƙarshe: sunan da kika rubuta a gurbin makusanci ba ya mayar da mutum magaji. Sai iyali sun kawo takardar kotu kafin a saki kuɗin mamaci, gara su sani tun yanzu.

Ina so in fara kiwon raguna na Sallah a bayan gida don in samu abin yi. Nawa zan fara da su, me zan ba su? (Tsohon ma'aikacin banki, Katsina)

Alhaji, ka fara da uku zuwa biyar. Shekarar farko makaranta ce, kada kuɗin makarantar ya yi yawa. Turka na ɗaukar kwana 90 zuwa 120, don haka ka ƙirgo baya daga Babbar Sallah, sayen zai faɗo wajen Sha'aban ko farkon azumi. Balami da Uda sun fi girman jiki da tsada, Yankasa ya fi juriya da sauƙin ci. Ka nemi rago mai dogon ƙashi wanda ya rame don yunwa, ba don ciwo ba. Buɗe bakinsa: manyan haƙora biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa na nuna ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ne mai saurin ɗaukar nama kuma ya isa layya. Mai majina, mai tari, mai kashi a manne a gindi, mai farin cikin ido, bar shi ko da kyauta ne. Ka tafi kasuwa da wanda ya san dabba, ka biya shi ladansa.

Da sun iso gida, sati biyu na farko na magani ne: maganin tsutsar ciki irin albendazole gwargwadon nauyi, a maimaita bayan sati biyu zuwa uku, ivermectin don kaska da ƙazuwa, da rigakafin PPR, wato annobar awaki da tumaki, daga hannun ma'aikacin dabbobi. Kowane rago ya samu fili kamar murabba'in mita biyu, da inuwa, da ƙasa busasshiya. Danshi ke kawo ruɓewar kofato.

Harawa da karan wake su ne tushen abinci, kada su yanke. Haɗin ƙarfi kuwa, kamar kashi uku na dusar masara ko ta alkama, kashi ɗaya na ƙulin auduga, da ɗan gishiri. Fara da gram 200 a rana ga kowane rago, kana ƙarawa sannu a hankali cikin sati biyu har ka kai gram 600 zuwa 800, rabi da safe rabi da yamma. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansu kullum, da dutsen lasa.

Abin da ya fi kashe ragon sabon makiyayi shi ne ƙauna. A ga ya rame a cika masa kwano da tsaba ko ragowar tuwo, cikinsa ya yi tsami ya kumbura ta hagu, kafin gari ya waye ya tafi. Cikin rago na bukatar lokaci kafin ya saba da hatsi. Na biyu leda, a share ta daga garken kullum. Na uku tsakuwar mafitsara, wadda yawan dusa da ƙarancin ruwa ke jawowa. Ragon da ke yunƙurin fitsari ba ya fita, a kira likita a ranar. Harawa kuma a saye ta da kaka a ɗora a rufi, domin wanda ya saya da bazara ya riga ya cinye ribarsa. Ka buɗe littafi ka rubuta ko igiya ce ka saya. Kai da ka yi banki ba sai an koya maka wannan ba.

Tun da maigidana ya yi ritaya wata takwas ke nan, ba ya fita sai masallaci. Barci da rana, faɗa kan gishirin miya, ya daina karanta jarida ma. Da can mutum ne mai fara'a. Me zan yi? (Uwargida, Maraɗi)

Uwargida, ba gishirin ba ne. Mutumin da ya shekara talatin ana jiransa ƙarfe takwas, yau babu mai jiransa ko'ina. Amma kafin a ce halin ritaya ne, a kai shi asibiti a auna jini da suga. Hawan jini shi ne awon da ke kai 140/90 ko sama a ranaku daban-daban. Suga kafin karin kumallo idan ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, alamar ciwon suga ce, amma sai an sake tabbatarwa. A duba idonsa da kunnensa, domin dattijo da yawa sun bar jarida da majalisa ne saboda ba sa gani ko ba sa ji, kuma ba za su faɗa ba. Idan ya shafe fiye da sati biyu ba ya jin daɗin komai, ci ya ragu, yana farkawa tsakar dare, ko yana cewa shi ba shi da amfani, ki gaya wa likita da bakinki. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma ana maganinsa.

Idan an fita daga nan lafiya, a nema masa abin da zai sa a jira shi. Kada ya fito daga bakinki, zai ji kamar korarsa kike daga gida. Ki bi ta amininsa ko limamin unguwa su roƙe shi: riƙe littafin kuɗin masallaci, koya wa matasa rubuta takardar neman aiki, zama a kwamitin makarantar jikoki. A sa masa rana da lokaci, ko sau biyu ne a sati.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, da saurin da zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba. Ya fara da minti goma bayan asuba kafin rana ta yi zafi, yana ƙara biyar duk sati, da takalmi mai rufe ƙafa da abokin tafiya. Kwana biyu a sati ya ƙara da tashi-zauna daga kujera ba tare da dafawa ba, sau goma, a huta a sake, don ƙarfin cinya ne ke hana faɗuwa. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Idan ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe yana cikin tafiya, ya tsaya nan take, a wuce da shi asibiti a ranar.