Amsa: Wane tsohon bargon haɗe-haɗe zan kwaikwaya?

'Yar'uwa, kin ce kina son ɗinka bargon ƙyallaye irin na Amurka, mai auduga a tsaka da shafi a ƙasa, amma hotunan tsofaffin da kika gani ba su yi kama da juna ba. Ai dama ba hannu ɗaya ba ne.

'Yan ɗariƙar Kiristoci ta Amish na jihar Pennsylvania ba sa sa yadi mai zane. Launi zalla ne, manyan yankuna, gwanintar kuwa tana cikin ƙananan ɗinkin hannu da ke haɗa shimfiɗun uku. Na birnin Baltimore, na wajajen 1840 zuwa 1850, furanni da tsuntsaye ake yankawa a ɗora kan farin yadi. Kyau kam akwai, amma kada ki fara da shi, zai cinye miki ido da haƙuri.

Ni dai na matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama zan ce ki duba. Jikokin bayi ne, da tsofaffin wandunan aiki da buhuna suke ɗinki, layi ya karkace su bar shi haka. Sai da aka baje kolin bargunansu a birnin Houston a 2002 duniya ta farga, har aka buga su a jikin kan sarki na wasiƙa a 2006. Masu son kusurwa ta hau kusurwa daidai za su ce miki ba ƙa'ida, kada ki damu. Tattara ragowar atamfa da shadda wajen tela, ki wanke su tukuna saboda zubar launi, ki fara da ƙarami na jariri.