Hukuncin shiga ƙungiyar ma'aikata mai kiran kanta ta 'yan gurguzu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wasu matasa, Yarbawa da Inyamurai da namu, suna bin 'yan dako da 'yan okada da masu gadi suna haɗa kansu. Sun ce su 'yan gurguzu ne. Suna so mu kafa ƙungiya, mu riƙa zuba kuɗin mako, mu ƙayyade kuɗin ɗaukar kwando, daga baya mu fitar da namu ɗan takarar kansila. Wani a masallacinmu ya ce gurguzu kafirci ne, wanda ya shiga ya fita Musulunci. Ina gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, shigarka ta halatta bisa sharaɗi, kuma wanda ya kafirta masu shiga ya yi gaggawa. Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya kira ɗan'uwansa kafiri, kalmar sai ta faɗa kan ɗayansu.

Tsoron nasa dai yana da tushe. Gurguzun da Karl Marx ya shimfiɗa yana ɗaukar addini abin sa maye da ake lallashin talaka da shi, kuma Tarayyar Sobiyet ta rufe masallatai masu yawa da sunan wannan aƙida. Wanda ya ƙudurce cewa babu Mahalicci, ko ya halatta ƙwace dukiyar da mutum ya tara ta hanyar halal, ya saɓa wa abin da aka sani na addini. Amma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, ma'ana ake dubawa, ba suna ba. Abin da ka lissafa, haɗa kai da neman lada mai kyau da samun wakili, babu ƙin Allah a cikinsa.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce Hilful Fudul. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, Al-As bin Wa'il ya karɓa ya hana kuɗi. Baƙo ne, ba dangi, ba mai tsaya masa. Ya ɗaga murya yana kai ƙara, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har haƙƙinsa ya dawo. Waɗanda suka ƙulla wannan alkawari mushirikai ne. Duk da haka, bayan an aiko shi, Annabi (SAW) ya ce da za a kira shi ga irinsa a Musulunci da ya amsa. To zamanka da Bayerabe Kirista ko Inyamuri a kan hana zalunci yana ƙarƙashin faɗin Allah a Suratul Ma'ida: ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka.

Na taɓa tsayawa a kasuwarku da asuba ana sauke tirelar tumatir daga Arewa. Na ga dattijo da gammo a ka, kwando na ɗiga masa ruwa a wuya, laka ta haɗiye silifas ɗinsa, ya kai kaya bakin titi, mai kayan ya zaftare rabin abin da suka yi ciniki ya juya baya. Abin ya tsaya mini a rai. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah ya ce shi da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya ci moriyar aikinsa, ya hana shi ladansa. Mutum ɗaya ba ya iya karɓar haƙƙin nan, mutum ɗari suna iyawa.

Sharaɗin farko aƙidarka. Idan aka fara koya muku cewa salla ɓata lokaci ce, ko aka nemi rantsuwar asiri, ka yi musu gyara, in sun ƙi ka fita. Dukiyar mutane kuma haram ce gare ku ko da ta azzalumi ce: ba ƙona shago, ba fasa mota, ba dukan wanda ya ƙi shiga. Yajin aiki ya halatta, domin ƙarfinka mallakarka ne, kana da ikon ƙin sayar da shi da araha. Amma ku sanar tukuna. Idan kun riga kun yi ciniki a kan mota, ku sauke ta, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kuma tumatirin da zai ruɓe sau da yawa na wani ƙaramin manomi ne a Kadawa ta jihar Kano. Kuɗin mako amana ce: a rubuta, a karanta lissafi a gaban kowa, kada ta zama wani tikitin da ake tatsar talaka da shi.

Batun kansila ma halal ne, har ina ƙarfafa muku gwiwa. An hana okada a wasu sassan Legas a 2020, aka sake tsanantawa a 2022, kuma waɗanda abin ya taɓa cikinsu ba su da murya a wurin yanke shawara. Malam Aminu Kano, mai karatun tafsiri, da irin wannan tunani ya jagoranci jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950. Dokar Najeriya ba ta yarda da ɗan takara marar jam'iyya ba, don haka ku binciki jam'iyyar da za ku shiga. Wanda zamansa ya tabbata a nan ya maido da katin zaɓensa Legas. Ƙuri'a shaida ce, ku ba mai amana da ƙwarewa ko ba Bahaushe ba ne, kuma karɓar kuɗi a kanta haram ne.

Wallahu a'alam.