Shin finafinan samurai yabon kashe kai suke yi?

Tambaya: Malam, ina yawan kallon tsofaffin finafinan samurai, wato mayaƙan Japan na dā. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda jarumi zai farke cikinsa da hannunsa wai don kare mutunci. Shin masu shirya finafinan yabon wannan al'ada suke yi?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai masu yabo. Labarin ronin 47, wato samurai marasa ubangida, shi ne madogararsu. A 1701 aka yanke wa ubangidansu Asano hukuncin kashe kansa saboda ya sari wani babban jami'i mai suna Kira a fadar Edo, wato Tokyo ta yau. Suka yi haƙurin kusan shekara biyu kafin su ɗau fansa, su ma aka yanke musu irin hukuncin. Amurkawa da suka mamaye Japan a 1945 sun ɗan hana nuna irin wannan labari, don suna ganin yana koyar da makauniyar biyayya.

Amma manyan finafinan, tuhumar al'adar suke yi. Japanawa suna da kalmomi biyu: giri, nauyin da ke wuyanka na ubangida da dangi, da ninjo, abin da zuciyar ɗan Adam ke ji. Rikicin waɗannan biyu shi ne ƙashin bayan labaran.

Dubi fim ɗin Harakiri, wato farke ciki, na darakta Masaki Kobayashi, 1962. Labarin na 1630 ne, lokacin da zaman lafiyar mulkin gidan Tokugawa ya bar ɗimbin mayaƙa ba aiki ba abinci. Wani saurayi ya je gidan sarautar Ii yana roƙon a ba shi fili ya kashe kansa, alhali fatansa a tausaya a ba shi ɗan kuɗi, domin matarsa da jaririnsa suna kwance ba lafiya. Mutanen gidan suka gano ya sayar da takubbansa, abin da ke cikin kuben gora ce. Da gorar nan suka tilasta shi ya yi. Na kalli fim ɗin sau da yawa, amma har yau in an zo wurin nan sai na kau da kai.

Daga baya surukinsa, wanda ɗan wasa Tatsuya Nakadai ya fito a matsayinsa, ya zo ya tona asirin gidan. Mayaƙa uku da suka jagoranci zaluncin ya yanke musu tukku, abin kunyar da a ƙa'idarsu mutuwa ce kaɗai ke wankewa, sai ga shi sun ɓuya a gida wai ba su da lafiya. A ƙarshe aka rubuta a kundin gidan cewa rashin lafiya ce ta kashe waɗanda suka mutu. Kobayashi ya san abin da yake faɗa, domin ya yi soja a Manchuria, a arewa maso gabashin China, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma ya ƙi karɓar ƙarin girma.

Sannan ka duba farkon fim ɗin darakta Akira Kurosawa na 1954 a kan samurai bakwai. Shugabansu Kambei da kansa ya sa aka aske masa wannan tukkun, ya yi shigar limamin Buddha, don kawai ya ceto yaron da ɓarawo ya yi garkuwa da shi.