Bambancin Instax Mini 9, 11, 12 da 40

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka rarrabe Instax Mini 9, 11, 12 da 40, kyamarorin nan masu fitar da hoto a takarda nan take, tunda duk sun yi maka kama. Fim, wato takardar da hoton ke fitowa a kai, iri ɗaya suke ci, na Mini, mai hoto girman milimita 62 da 46, goma-goma a fakiti. Hoton ba ya ƙara girma don lambar ta hau.

Ka dubi yadda ake kunna kowacce. Mini 9, ta 2017, tana da zobe a jikin lens (gilashin gaban kyamara) wanda kai da kanka za ka juya gwargwadon haske, ko rana ko cikin ɗaki, kuma idan ka manta sai hoton ya fito fari fat ko duhu. Mini 11, ta 2020, ita ke auna hasken da kanta; maɓalli ake dannawa lens ya fito, sai ka ƙara jan bakinsa idan hoton kusa kake so. Mini 12, ta 2023, murɗa lens ɗin ake yi ta kunnu, a ƙara murɗawa don hoton kusa. A nan ne ta burge ni, domin an gyara tagar leƙe yadda abin da ka saita zai zauna a tsakiya, bai karkace gefe ba.

Ita Mini 40 kuwa, aikinta na Mini 11 ne, baƙar riga irin ta tsofaffin kyamarori kawai aka sa mata.

Idan sabon shiga ne kai, ɗauki 12. Fim ɗin da za ka ɓata wajen koyon zoben Mini 9 ba kaɗan ba ne.